Kaskon narka dalma

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Arlit. Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo makiyayi. Dila na ɗauke masa 'yan awaki, shi ya sa yake riƙe da tsohuwar bindigar toka. Harsashinta shi ke yi, da dalmar mataccen batirin mota.

A gwangwanin tumatir yake narka ta. Wata rana gwangwanin ya huje, dalma ta ƙone shi a ƙafa. Maƙeri ya ce zai ƙera masa kasko mai kauri, jikka uku. Ya ga tsada, sai ya ɗauki tukunyar miyar matarsa. In ya gama, a wanke, a maida bisa murhu.

Da ya ba mu labari a aji, kowa ya yi dariya. Ni gabana ya faɗi. Na ce, "Baba, dalma guba ce, wanki ba ya fidda ta duka. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, garuruwan masu niƙa dutsen zinariya." Ya ce jikokinsa lafiya lau suke. Na ce ai a ɓoye take cin ƙwaƙwalwar yaro.

Muka haɗa masa kuɗin kasko. Na roƙi maƙerin kada ya sa ƙarfen da ya fito daga wurin haƙar iraniyom, don a 2009 masu awo sun sami irinsa mai guba a kasuwar garin nan. Ya yi da ƙarfen mota.

Sai da aka yi mako biyu Baba ya yarda aka binne tukunyar. Har yau uwargida na bin sa sabuwa.