Injin Iska Ba Ya Son Zaman Banza

Sola ta koya mana wata ɗabi'a ba tare da mun lura ba. Idan batir ya cika, kwanturola takan yanke hanyar da ke tsakaninsa da faifan da ke kan rufi, faifan ya ci gaba da shan rana, babu abin da zai same shi. Wannan ya zauna a zukatan masu haɗa wuta daga Kano har Maraɗi, ya zama tamkar doka: in wuta ta yi yawa, a yanke. Ga injin iska kuwa, wannan dokar ita ce ajalinsa.

Abin da ya sa na shiga maganar shi ne wani tsohon inji da yayana ya sayo a cikin kayan gwanjo, domin gidan gonarsa da ke wajen garin Katsina. Samfurin Whisper 100 ne, mai fuka-fuki uku, faɗin kewayarsa mita 2.1, ƙarfinsa wat 900. Kamfanin da ya ƙera shi, Southwest Windpower na jihar Arizona a Amurka, ya rufe tun 2013. Babu takardar bayani, babu kwanturolarsa ta asali, sai kai da wutsiya da wayoyi uku da suka leƙo daga ƙasansa. Wurin dai bai yi laifi ba, domin yankin Katsina na cikin wuraren da suka fi iska a Najeriya, shi ya sa ma aka kafa tashar nan mai megawat 10 a Lambar Rimi. Sai dai gidan gonar akwai iyalin mai gadi a ciki, da yara, da dabbobi. Abin da ke juyawa a saman kawunansu ba abin wasa ba ne.

Kafin a taɓa ko waya ɗaya, tsohon inji yana bukatar a tambayi lafiyarsa, kuma wayoyin nan uku su ne bakinsa. A cikin kan akwai maganaɗisu da ke wucewa ta gaban naɗin waya kashi uku. Ka juya shi da hannu wayoyin na rabe, zai tafi sumul. Ka haɗa biyu, za ka ji yana tirjewa yana sakewa. Ka haɗa ukun gaba ɗaya, sai ya yi nauyi kamar kana tuƙa tuwo. In ka ji haka a kowane haɗi, naɗin lafiya lau yake. Daga nan sai boris, wanda ƙurar hunturu ke ci, da 'yan guntayen gawayin nan da masu gyara ke kira buroshi, waɗanda ke miƙa wuta daga kan da ke bin iska zuwa wayar da ke sauka cikin turke. Namu boris ɗaya ne ya mutu, muka samo madadinsa a kasuwar 'yan kayan mota.

Wannan nauyin da hannu ya ji, shi ne sirrin al'amarin duka. Injin iska yana samun burkinsa ne daga aikin da yake yi. Muddin wuta na fita daga cikinsa zuwa wani wuri, juyinsa a daidaice yake. Ka yanke masa hanya, ya zama ɗan keken da sarƙa ta tsinke masa yana tsakiyar tuƙi: ƙafa ta yi ta gudu babu abin da ke riƙe ta. Ƙarfin iska kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ya ninka takwas. Wanda ya san guguwar farkon damina, mai yaye kwanon rufi, ya san abin da za ta yi wa farfelar da babu kaya a kanta. Ko naɗin ya ƙone idan wutar ta dawo, ko fiffike ya ɓalle ya faɗa inda Allah ya nufa.

Saurayin da ya zo taya mu aiki gwani ne a harkar sola, kuma ya zo da kwanturola irin wadda ya saba. Da na ce ba za ta yi ba, sai ya ce, "Yallaɓai, ai wuta wuta ce." Na ce masa, "Haka ne, ɗana, amma wannan in batir ya ƙoshi, dole a nema masa wani bakin da zai ci." Kwanturolar injin iska ba ta yankewa, karkatarwa take yi. Tana aika rarar wutar zuwa wani ƙarfen hita da zai ƙone ta ta zama zafi. Hitar dole ta iya shanye duk abin da injin zai bayar a ranar da ya fi kowace haukacewa. Mu a tankin ruwa muka saka tamu, don kada zafin ya tafi a banza lokacin sanyi.

Tsarin haɗin kansa ba shi da wuya in an fahimci wannan. Wayoyi uku su sauko zuwa makunnin burki, wanda aikinsa kawai ya haɗe su wuri ɗaya. Daga nan su shiga rektifaya mai dayod shida, wadda ke mayar da wuta mai kai-komo ta zama mai tafiya hanya ɗaya, irin wadda batir ke karɓa. Sannan fis kusa da batir, sai kwanturola da hitarta. Batir ake fara haɗawa, inji ya zo a ƙarshe, kuma ba a ɗaga turke sai burki na kame. Fis ɗin ma a zaɓi wanda ya ɗara ƙarfin injin sosai, domin duk ranar da ya tsinke, injin ya zama saki-na-dafe.

Kaurin waya kuma lissafi ne, ba ra'ayi ba. Wat 900 a kan bolt 24 kusan amfiya 38 ke nan. A kan bolt 48 kuwa kusan 19. Asarar da ake yi a waya ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa muka zaɓi 48, tunda turken na da nisa da ɗakin batir. Nisan ma dole ne, domin ƙa'idar masu sana'ar ita ce injin ya ɗara duk wani gini ko itace da ke cikin mita 150 da aƙalla mita 9. Iskar da ta bi ta kan darbejiya da katanga a hargitse take isowa, ta gajiyar da boris ba tare da ta ba da wutar kirki ba. Ƙarfe mai tsawo a fili kuwa gayyatar aradu ne, don haka muka binne sandar jan ƙarfe a gindinsa muka ɗaure ta da turken.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wat 900 ɗin nan sai iska ta kai gudun mita 12.5 a daƙiƙa, abin da ba kullum ba. A rabin wannan gudun, abin da za ka samu bai fi wat ɗari da 'yan kai ba. Amfaninsa shi ne yana aiki da dare, da kuma kwanakin hazo da sola ke raunana. Abokin sola ne, ba magajinta ba.

Irin waɗannan tsofaffin injina za su ci gaba da shigowa kasuwanninmu, kuma hannun da zai haɗa su hannun da ya koyi sola ne. Saboda haka idan wani ya zo zai kafa maka ɗaya, kada ka fara da tambayar yawan wutar da zai bayar. Tambaye shi: ranar da batir ya cika, tsakar dare, ga hadari ya taso daga gabas, ina wutar za ta je? In ya nuna maka hita da makunnin burki, ku ci gaba da ciniki. In ya ce kwanturola za ta yanke, a bar injin a ƙasa tukuna.