Daga Kawo Zuwa Panteka, Inda A Ke Daidaita Ƙafafun Mota

A wannan mako yawo za mu tafi cikin Kaduna, sashen da ke arewa da kogi, don mu ga wani aiki da a ke yi wa mota wanda ya shafe mu ƙwarai. Gama mu da 'ya'yanmu a ke ɗauka a ciki, kuma ran da taya ta lalace, daga kuɗin cefane a kan tsakura a sayi wata.

In kin taso daga Zariya, Kawo ce za ta fara tarbarki. Nan babbar tashar mota ta ke, ga kuma gadar sama da aka buɗe a 2022. In kika miƙe kudu ta titin Ali Akilu za ki iske Lugard Hall, inda majalisar Jihar Arewa ta riƙa zama a dā, gama tun 1917 Turawa suka taso da hedkwatarsu daga Zungeru zuwa garin nan. Amma mu yamma za mu karya, mu nufi shataletalen Mando. Daga nan hanya ɗaya ta tafi Birnin Gwari, ɗaya kuwa ta zaga bayan gari, ita ce titin Nnamdi Azikiwe.

Tsaya nan kaɗan, 'yar'uwa, ki dubi motocin da ke wucewa. Za ki ga waɗansu dogaye, duk jikinsu jar laka, yawanci Hilux da Land Cruiser. Irin waɗannan injinsu na iya juya ƙafafu huɗu gaba ɗaya, shi ne direbobi ke cewa fowil. Sun daɗe a ƙasar nan. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, da irinta su Di'o da malaman gona suka riƙa fita rangadi. Daga baya na Japan suka cika hanya. Kamfanin Toyota ya raɗa wa motarsa suna Land Cruiser a 1954, ya fito da Hilux a 1968.

To, duk da tsawonsu, waɗansu masu su ba su ƙoshi ba, sai sun ƙara ɗaga su. Suna da dalili. Kin san yadda hanyar ƙauye ta ke a watan Agusta, sa'ad da manyan motoci suka haƙa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya. Mota gajera sai cikinta ya hau tudun, ta kafe. Don haka manomi, ko ɗan kwangila, ko mai ɗauko hatsi, ya kan sa a canja masa sifirin da shoka a sa masu tsawo, ko a yi musu ciko da wani ƙarfe. Yawanci inci 2 a kan ƙara, watau santimita 5.

Mu bi titin bayan garin nan mu ga inda a ke aikin. Tun daga wajen Kurmin Mashi za ki fara ganin gareji na bin gareji, ga Sabuwar Panteka da shagunanta na kayan mota, sababbi da na hannu waɗanda a ke kira Beljiyam. Ƙasa ta yi baƙi da mai, guduma na amsa guduma, yara masu koyon aiki na kai da kawowa da sifana a hannu, ga masu tuwo da masu fura a gefe suna ciniki. In kin ƙara gaba wajen Tudun Wada, kusa da babbar makarantar fasaha da ta soma a 1956, sai Tsohuwar Panteka, gidan masu walda da kafintoci da masu zuba tukwane. Watakila tukunyar da ke kan murhunki daga can ta fito.

A irin waɗannan garejoji za ki ga allo an rubuta alaimen da balansin. Abu biyu ne dabam, kada ki haɗa su. Balansin shi ne a liƙa 'yar dalma a jikin taya don nauyinta ya zo daidai, kada ta riƙa rawa in an yi gudu. Alaimen kuwa shi ne daidaita tsayuwar ƙafafun mota, a sa kowace ta fuskanci inda ya kamata. Shi ne abin da muka zo gani, gama ɗaga mota rabin aiki ne, sai an yi alaimen aiki ya cika.

Ga dalili. Tayoyin gaba na Hilux ta yanzu suna rataye ne da waɗansu hannuwan ƙarfe, kowace da nata, ga kuma sandar da ta haɗa su da sitiyari. Maƙeran motar sun auna tsawon waɗannan duka bisa ga tsayin da suka yi ta. Da an ɗaga ta, sai hannuwan nan su sunkuya ƙasa, su ja taya ta bar mazauninta. Kamar ke ce kika saba da fade, ran nan kika sa takalmi mai tsini. Ƙafar ita ce dai, amma takunki ya sake.

Abu uku bakanike ke dubawa. Na fari, inda gaban taya ya nufa, ko ya shigo ciki, ko ya buɗe waje kamar tafiyar agwagwa. Na biyu, ko taya na tsaye sak, ko samanta ya karkato ciki kamar mai gwame, ko ya faɗa waje. Na uku ba a ganinsa da ido, amma kin san shi a jikin keke. Ƙarfen da ya riƙe ƙafar gaba ta keke a jirkice ya ke, samansa ya koma baya, shi ya sa keke ke miƙewa da kansa. Mota ma haka aka yi ta. In an ɗaga ta, jirkicewar nan ta kan ragu, sai sitiyari ya daina komowa daidai bayan an sha kwana, mota ta riƙa yawo bisa titi. Motocin da tayoyinsu na gaba ke bisa gatari guda, kamar tsohuwar Land Rover, tayarsu ba ta karkata, amma wannan na uku ya kan same su.

'Yan makaranta, ga lissafi. A ce tsayin taya santimita 75 ne, gabanta kuwa ya kauce da milimita 3 kacal, abin da bai kai faɗin ƙwayar dawa ba. A kowace kilomita, sai an ja tayar nan a kaikaice mita 4. Daga Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne. Ku buga ku gani: mita 320 ke nan a na goga roba bisa kwalta kamar a na goga kaushi da dutse. Ina tayar da za ta jure wannan kullum?

Ba sai kin iya tuƙi za ki gane motar da ke bukatar alaimen ba. Da safe kafin maigida ya fita, dubi tayoyin gaba. In gefe guda ya suɗe, ɗayan kuwa zanensa na nan, alama ce. Shafa tafin hannunki bisa zanen daga waje zuwa ciki, ki komo. In kin ji santsi ta nan, kaifi ta can kamar haƙoran zarto, alama ce. In kuna tafiya a miƙaƙƙiyar hanya kika ga sitiyari a karkace, ko maigida na ta kokawa da shi mota na ja gefe guda, wannan ma alama ce. Sai ki sami lokacin da ya huta, ki ce, "Maigida, an kuwa yi wa motar nan alaimen bayan da aka ɗaga ta?"

Ga yadda aikin kirki ke tafiya. Da an ɗaga mota a daidaita ta, sa'an nan bayan 'yan kwanaki, in sababbin sifirin sun zauna, a koma a sake aunawa. Kafin a auna, a duba iskar tayoyi, a duba bushin da gaɓoɓin ƙarfen nan, gama in sun yi lako-lako ko an daidaita ba zai zauna ba. A kai motar da irin nauyin da ta saba ɗauka. Waɗansu tsofaffin kanikawa da zare da ma'auni su ke aiki, su kan kuwa gyara na farin nan sarai. Amma motar da aka ɗaga, gara a kai ta inda ke da na'ura mai kwamfuta wadda ke auna ukun duka, a kuma karɓo takardar awon a ajiye. In an ɗaga ta da yawa har ƙusoshin gyara sun ƙure, to sai an sayi hannuwan ƙarfe da aka yi musamman don haka. Araha ba ta ado.

Sauran abu uku ki tuna masa. Fitilun gaba sun tashi tare da motar, sai a sunkuyar da su don kada su kashe wa mai zuwa ido da dare. In an sa manyan tayoyi, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun da a ke yi. Kuma doguwar mota ta fi saurin kifewa a kwana, kamar yadda dogon tulu ya fi saurin tuntsurewa bisa gammo, balle in an lafta kaya a samanta. Ko alaimen ba ya maganin wannan, sai rage gudu.

Kuɗin alaimen bai kama ƙafar kuɗin taya ɗaya ba, balle a zo ga lafiyar waɗanda ke ciki. Rigakafi ya fi magani. Wadda maigidanta ke da irin motar nan, gobe da safe ta fita ta shafa tayoyin gaba ta ji. Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.