Kiɗan Haikalin Ƙudus: an riƙe lissafi, an rasa amo

Cikin shekara ta 1968, masu tonon kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Benjamin Mazar suna aiki gindin katangar tsohon Haikalin Birnin Ƙudus, wajen kusurwar kudu maso yamma, sai suka ci karo da wani ɓarin dutse kwance bisa tsohon titi. Daga can ƙololuwar katanga ya faɗo, sa'ad da sojojin Rum suka rushe wurin cikin shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa. A jikinsa akwai rubutun Ibrananci mai nuna cewa nan ne wurin busa ƙaho. Ƙarshen rubutun ya gutsure tare da dutsen. Marubucin tarihi Yusufus, Bayahude wanda ya ga Haikalin da idonsa, ya ba da labarin cewa kowace Juma'a da maraice wani limami kan hau can ya yi busa don sanar da shigowar Asabar, washegari kuma ya sake busawa in ta fita. Titin da ke ƙasa cike yake da rumfunan ƴan kasuwa. Da jin busar, mai awo ya aje mudu, mai canji ya tattara kuɗinsa, a rufe ƙofa. Duk wanda ya taɓa jin kakaki ƙofar fadar sarki daren Juma'a ya san yadda busa guda take gaya wa gari duka ranar da ake ciki.

Dutsen ya kawo yau, yana gidan kayan tarihi. Busar ba ta kawo ba. Kuma haka labarin kiɗan wannan ɗaki yake baki ɗaya: an san yawan makaɗansa, da sunayen shugabanninsu, da inda suke tsayawa, har da ɗakunan da suke aje kayan kiɗa, amma babu karin waƙa ko ɗaya da za a ce tabbas shi ne aka rera a wurin.

Haikali biyu aka yi a wuri guda. Na farko, wanda ake danganta gininsa ga Annabi Sulaimanu, Nabukadnasar sarkin Babila ya ƙone shi wajen shekara ta 586 kamin haihuwar Annabi Isa. Na biyu an gama shi wajen 515, sarki Hirudus ya faɗaɗa shi daga baya, shi ne Rumawa suka rushe. Aikin ɗakin gado ne. Zuriyar Annabi Haruna su ne limamai masu yanka hadaya. Sauran ƙabilar Lawi, wato Lawiyawa, su ke gadin ƙofofi, su ke waƙa da kiɗa. Littafin Tarihi na Bani Isra'ila ya ce Annabi Dawuda, wanda Musulmi ma suka san shi da Zabura da daɗin murya, shi ya tsara aikin: cikin Lawiyawa 38.000 ya ware 4.000 don yabo da kayan kiɗa, ƙwararrun mawaƙa kuma 288, an raba su ƙungiya 24, kowace da mutum 12, ƙarƙashin gidaje uku, na Asaf da Heman da Yedutun. Da ƙuri'a aka raba layin aiki, malami da almajiri duka sahu ɗaya. Sai dai an rubuta wannan littafi ɗaruruwan shekaru bayan Dawuda, saboda haka masana da yawa suna ganin tsarin Haikali na biyu ne marubucin ya sani, ya mai da shi can baya. Ko da hakan ne, abin da ya nuna shi ne ma'aikata ce sosai, mai rajista da juyin aiki, ba taron maroƙa ba da ke zuwa in an yi buki.

Ƙashin bayan kiɗan kayan tsirkiya ne guda biyu, kinnor da nebel. Masu fassara zuwa Hausa sukan ara musu sunan garaya da molo, don babu abin da ya fi kusa, amma mai karatu kada ya ɗauka suna da dogon wuya kamar gurumi. Kinnor ƙwarya ce ta itace mai hannuwa biyu a miƙe, da sanda gicciye bisa kansu, tsirkiyoyi suna saukowa daga sandar, kowace da muryarta guda. Yusufus ya ce kinnor tsirkiya 10 gare ta, ana kaɗa ta da ɗan tsinke, nebel kuwa murya 12, da yatsu ake taɓa shi. Littafin Mishna, wanda malaman Yahudawa suka harhaɗa wajen shekara ta 200, ya ƙayyade adadi kamar mai tsara kasafin kuɗi: kinnor kada su gaza 9, a ƙara iya son rai, nebel daga 2 zuwa 6, mawaƙa bisa dandamali kada su gaza 12, kuge na tagulla, wato faya-fayai biyu da ake gwara su da juna, mutum ɗaya tak. Kakakin azurfa ba na Lawiyawa ba ne, na limamai ne, tun umarnin da Attaura ta bayar na a ƙera guda biyu don kiran taro da tashin zango da yaƙi da ranakun idi. Busarsu a yini ba ta gaza 21, ba ta wuce 48.

Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne babu ganga. Bani Isra'ila suna da wata ƴar ganga mai fuska ɗaya irin bandiri, mata ne suka fi kaɗa ta wajen rawa da taryen mayaƙa, amma cikin jerin kayan Lawiyawa ba a ambace ta ba, ko cikin Littafin Tarihi ko cikin Mishna. A ƙasar da kalangu ke magana, da wuya a gane kiɗan da babu fata a cikinsa. Dalilin yana bayyana in aka duba gardamar da malaman Talmud suka yi daga baya: shin asalin waƙar Haikali baki ne ko kayan kiɗa? Ra'ayin da ya fi rinjaye ya ce baki ne. Kalmomin Zabura ake so jama'a su ji. Tsirkiya tana tallafa musu, ganga kuwa da ta binne su.

Busar sarewa, wadda suke kira halil, kwana 12 kaɗai ake yin ta gaban bagadi cikin shekara, lokacin manyan idodi. Ta kara ake so, ba ta tagulla ba, don ta kara ta fi taushin murya, kuma da sarewa guda ake rufe waƙa. Akwai wani labari cikin Talmud da ya cancanci a tsaya kansa. Wai a Haikali akwai wata tsohuwar sarewa ta kara, siririya, sumul, tun zamanin Annabi Musa. Wani sarki ya ga bai dace abin ibada ya zauna hakanan tsirara ba, ya sa aka dalaye ta da zinariya. Muryar ta mutu. Aka kankare zinariyar, muryar ta dawo. Haka aka yi da wani tsohon kuge da ya tsage: aka ɗauko gwanayen maƙera daga Iskandariya ta Masar suka gyara shi, amon ya lalace, sai da aka cire gyaran. Ko ya faru ko bai faru ba, waɗanda suka riƙe labarin mutane ne masu kunne. Su ne kuma suka yi hikimar nan ta rago, cewa da ransa murya ɗaya gare shi, in ya mutu bakwai: ƙahoni biyu na busa, ƙasusuwan ƙafa biyu na sarewa, fata ta ganga, manyan hanji tsirkiyar nebel, ƙananan hanji tsirkiyar kinnor.

Kowace safiya, bayan an yanka ɗan ragon hadaya, mataimakin babban limami kan tsaya kusurwar bagadi da ƙyalle a hannu. Limamai biyu su busa kakakin azurfa, su zo su tsaya dama da hagun mai kuge, wanda Mishna ta riƙe sunansa, Ben Arza. Da an sunkuya za a zuba ruwan inabi na hadaya, sai mataimaki ya kaɗa ƙyalle, Ben Arza ya gwara kuge, Lawiyawa su ɗauki waƙa. In sun kai gaɓa sai su tsaya, a busa kakaki, jama'a su faɗi su yi sujada. Haka har waƙa ta ƙare. Kowace rana da zaburarta: Lahadi ta 24, Litinin ta 48, Talata ta 82, Laraba ta 94, Alhamis ta 81, Juma'a ta 93, Asabar ta 92. Ƴaƴan Lawiyawa ƙanana ba a barin su hawa dandamali ko taɓa tsirkiya. Ƙasa suke tsayawa, kawunansu daidai ƙafafun iyayensu, suna sa siririyar murya don waƙar ta yi zaƙi. A nan koyo yake, kunne da baki, shekara bisa shekara. Ba a rubuta karin ko sau ɗaya ba, don ba a ga bukata ba: uba yana nan, ɗa yana nan, gobe ma za a rera.

To, amma mawaƙi da ciki yake waƙa. Bayan komowa daga bautar Babila, cikin ayarin farko an ƙidaya mawaƙa ƴan gidan Asaf 128. Sarkin Farisa ya yafe musu lanho, su da limamai da masu tsaron ƙofa, aka kuma yanka musu abincin kowace rana. Nehemiya, wanda ya zo gwamnan Yahudiya cikin 445, ya koma fadar Farisa na ɗan lokaci. Da ya dawo sai ya tarar an daina ba Lawiyawa rabonsu na zakkar hatsi da mai, mawaƙa duka sun watse, kowa ya koma gonarsa. Ma'aikacin da ya ga shekarun 1990 a Nijar, lokacin da albashi ke taruwa wata bisa wata ba a biya ba, ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Nehemiya ya tsawata wa manyan gari, ya tattaro mawaƙan ya mai da su bakin aiki, ya naɗa ma'aji amintattu bisa rumbuna. Bai yi musu wa'azin haƙuri ba, hatsi ya nemo.

Ƙarni biyar bayan haka, ƙorafin ya zama na muƙami. Tsakanin 62 da 64, mawaƙan Lawiyawa suka kai kuka gun sarki Agaribas na biyu, kamar yadda sandika ke kai takarda, cewa a yarje musu sa tufafin lilin irin na limamai. Sarki ya tara majalisa, aka yarda. Yusufus, da yake shi ɗan gidan limamai ne, ya rubuta abin da ɗaci, yana ganin keta al'adar kakanni ce. Ba su yi shekara goma suna sa farin lilin ba, Titus ya ƙone Haikalin.

Ganimar ta tafi Rum. Bisa ƙofar nasara da aka gina wa Titus can, har yau ana ganin sojoji ɗauke da fitilar nan mai rassa bakwai da teburin gurasa, kakaki biyu jingine da shi. Da Yahudawa suka sake tawaye ƙarƙashin Bar Kokba daga 132 zuwa 135, kuɗin da suka buga yana ɗauke da hoton kayan tsirkiya da kakaki biyu: shekara sittin da rushewa, abin da suke begen ya dawo ke nan. Malamansu kuwa sun hana kayan kiɗa cikin ibada don makoki, gadon ya yanke cikin zuriya ɗaya ko biyu.

Adalci ne a ce ba Rumawa kaɗai ke da alhakin ɓatan ba. Tun Haikali na tsaye, Yahudawan Iskandariya da suka fassara Zabura zuwa Girkanci sun riga sun ruɗe da kalmomin sana'ar. Wata kalma da ke kan zabura 55, wadda yanzu ake ɗauka tana nufin shugaban mawaƙa, sun fassara ta da ma'anar ƙarshe. Kalmar sela ta zo sau 71 cikin Zabura, har yau masana ba su daidaita kan ma'anarta ba. Ga kuma rowa irin ta masu gado. Mishna ta ambaci Hugras ben Lawi, shugaban waƙa, wanda ya san wani salon murya da babu mai irinsa, ya ƙi koya wa kowa. Ta sa sunansa cikin waɗanda ake tunawa da su don zargi, tare da gidan masu gurasa da gidan masu turare da suka ɓoye asirin aikinsu. Wataƙila tsoro ya ji kada a raina abin in ya bazu, ko kada wani ya karɓe masa matsayi. Ya mutu da shi.

An yi ƙoƙarin tono amon daga baya. Abraham Idelsohn ya bi Yahudawan Yaman da Iraƙi da Farisa da Maroko yana ɗaukar yadda suke rera karatu, ya buga kundi 10 tsakanin 1914 da 1932, ya kuma ga kama tsakanin wasu karin nasu da tsohuwar waƙar coci. Abin da ya kama dai muryar majami'a ce, ba tsirkiya, ba kakaki. Cikin 1976 wata Bafaranshiya, Suzanne Haïk-Vantoura, ta fitar da littafi da faifai tana cewa ta warware alamomin da ke sama da ƙasan baƙaƙen Ibrananci, kiɗan Haikali ne a ɓoye. Faifan yana da daɗin ji, amma alamomin malaman Tabariya ne suka daidaita su wajen ƙarni na 9 da na 10, shekara ɗari takwas bayan rushewa, kuma galibin masana ba su karɓi hujjarta ba.

Abu guda ya tsallake wutar, shi ne shofar, ƙahon rago, wanda shari'arsu ba ta lissafa shi cikin kayan kiɗa sosai ba. Ba azurfa, ba maƙeri daga Iskandariya: a ƙwaƙule ƙahon, a gasa shi ya yi laushi, a huda bakinsa. Murya biyu ko uku yake bayarwa, masu kaushi. Ana busa shi har yau cikin majami'u ranar sabuwar shekararsu, a wurare da yawa sau 100, da kuma ƙarshen azumin ranar kaffara da faɗuwar rana. Irin ƙahon nan ne da yara ke tsinta bayan gida washegarin Sallar layya.