COKALIN AUTA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin gidana ne, don na san akwai uwa irina da ke kuka a ɗaki ba wanda ya sani.

Kwana uku da haihuwar autana idonsa ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, a shanya shi a hantsi, a ɗura masa ruwan gulukos. Haka muka yi ta yi har ya daina kama nono, sannan muka garzaya asibiti aka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Allah Ya raya shi, amma shawarar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ya shekara 4 hannunsa ba ya jin maganarsa, in ya miƙa zai ɗauki kofi sai hannun ya karkace gefe.

Ni kuwa tausayi ya hana ni sakat. Ni ke ba shi abinci a baki, ni ke sa masa riga, ko buta ban bari ya taɓa ba.

Muna zuwa gashi a asibiti, sai wata rana aka tura mu wani ɗaki daban, wajen masu koya wa yara hidimar kansu, abin da likitoci ke kira okupeshinal terafi. Masu gashi sun fi kula da ƙarfin jiki, zama da tafiya. Su kuwa waɗannan aikinsu cin abinci, sa kaya, wasa da riƙe fensir.

Matar ta tambaye ni, "Hajiya me yake yi da kansa a gida?"

Na yi shiru, na rasa ko guda ɗaya. Ta ce, "Kin ga hannunki ya zama nasa, to yaushe nasa zai koya?"

Wallahi maganar ta soke ni, har a adaidaita ina share hawaye.

Abin mamaki ba ta rubuta mana maganin ko sisi ba. Ta ce in naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri yadda zai cika masa hannu. In zaunar da shi inda tafin ƙafarsa zai taka ƙasa, gwiwar hannu a dafe, don sai jiki ya natsu yatsu ke samun aiki. In ina kwaɓin cincin in gutsura masa ya murza. Ya riƙa tsintar wake yana jefawa a kwalba, amma ina kusa kada ya tura a hanci. Wajen sa riga kuma in yi komai in bar masa matakin ƙarshe, ya ja ta ƙasa da kansa, in ya iya sai in bar masa biyu.

Wahalar ba a wajensa take ba, a wajena take. Ina kallo shinkafa na zubewa a tabarma, surukata na cewa, "Ke dai ba ki da imani, ba shi mana!" Sai in danne hannuna a cinya in ce, "Inna ki yi haƙuri, likita ce ta ce."

Bayan wata biyar, ranar wata Juma'a, cokali ya isa baki da shinkafarsa. Ya dube ni yana dariya. Inna ce ta fara rangaɗa guɗa.

Har yau maɓallin riga na ba shi wuya, muna nan muna fama. Roƙona ga 'yan uwana mata biyu ne: jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a kai shi asibiti a ranar, wanda kuma lalura ta riga ta sama a bar shi ya gwada, ko da zai ɓata tabarma.

Allah Ya ba yaranmu lafiya, amin. Taku har kullum.