Kalutara: Garin Da Ungozoma Ke Bin Mai Jego Har Gida

Daga Kwalambo, babban birnin Siri Lanka, tafiyar kilomita 40 ce ta bakin teku zuwa Kalutara. Masu yawon buɗe ido suna tsayawa ne don kallon farar hasumiyar mabiya Buda da ke kusa da gadar kogin Kalu. Ni kuwa wata mata mai farin kaya na bi, wadda na gani tana shiga gida-gida da jaka da littafi a hannu.

Ungozomar gwamnati ce. A wannan gari aka buɗe sashen kiwon lafiyar al'umma na farko a ƙasar, a 1926, tsarin ya bazu ko'ina. Kowace ungozoma tana da yankinta, mai mutum dubu uku zuwa biyar, kuma ta san gidajen. Tun daga aure take rubuta sunan mace. Idan ciki ya samu ita ke bin awo, ta tura mai matsala wajen likita da wuri. Haihuwa kuwa kusan duka a asibiti ake yi, kyauta.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayan sallama. A kwanakin farko jarirai suka fi mutuwa, galibi saboda bakwaini, ko wahalar numfashi wajen haihuwa, ko ƙwayoyin cuta. Ungozomar kan leƙo gidan tun cikin kwana goman farko, ta duba cibiya, ta taɓa jiki ta ji zafi ko sanyi, ta zauna ta ga yadda yaro ke kama nono. Tana sake dawowa, har wajen arba'in. A wajenmu 'yan barka ne ke cika ɗaki a wannan lokaci, ma'aikaciyar lafiya kuwa sai an je an same ta.

A Siri Lanka jarirai kusan 4 cikin 1,000 ke rasuwa a watan farko. A Najeriya sun haura 30. Kuma ba ƙasa ce mai arziki ba. A 2022 tattalin arzikinta ya durƙushe, magani ya yi wuya, likitoci da dama suka fita waje neman aiki. Duk da haka, da na baro unguwar da la'asar, matar nan tana ƙofar wani gida tana sallama, littafin rajistarta a buɗe.