Daɓen Inna da Masu Haƙa

Gidajen da iyayenmu suka gina bisa tudu, bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi, ƙofa ɗaya gare su. Amarya ce ko damin gero, ta zaure za su shiga. Da shaddar gidanmu ta cika aka ce a haƙa sabuwa can ƙuryar gida, sai ya zama duk ƙasar da za a fitar da tubalin da za a shigar sai sun ratsa zaure da tsakar gida, sun bi ta rumfar Inna, kakarmu, inda daɓenta yake.

Wanda ya tashi kan siminti da wuya ya gane darajar daɓe. Aikin mata ne, kuma na gayya. A zubo ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, maƙwabta su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa har hannu ya yi kanta. Sannan a bi shi da makuba ko ruwan bagaruwa har ya yi duhu, ya yi sulɓi. In ya tsage, ruwa da gara sun samu hanya, faci kuwa ba ya saje da na asali.

Masu haƙar Gobirawa ne daga Tsibiri. Tun ba su ajiye diga ba Inna ta tare babbansu.

"Malam, ka ga daɓen nan? Ya girmi ɗanka na fari."

"Mun gani, Inna. In ya tsage ki cire a ladanmu."

Shara suka fara yi, tsaf, don a cewarsu tsakuwa guda a ƙarƙashin taya ta fi buhu goma ɓarna. Suka shimfiɗa tsofaffin buhunan gyaɗa, waɗanda a lokacin ba gidan da ba su, suka watsa rairayi a kai, sannan suka jera katako. Baro bisa katakon kaɗai yake tafiya, kuma miƙe. Zaure kuwa da gangan ake karkace ƙofofinsa don kada na waje ya hangi cikin gida, to a wannan kwanar sai su tsaya su kwashe ƙasar da kwando a ka. Jaki bai ko leƙo ba, yana waje ɗaure da amalanke. Mu yara aka ba aikin share abin da ya zube, ladanmu ƙuli-ƙuli.

Duk wannan aikin hannu ne. Katafila kuwa a Jiratawa na fara ganinta, farkon shekarun 1980, sa'ad da ake gyaran filin noman rani mai hekta 500 da 'yan kai. Muka tsaya baki buɗe tana tumɓuke kututture, inda ta bi ƙasa ta yi zane-zane. Da wani ya ce mini za a ƙera ƙanwarta mai shiga ta ƙofar ɗaki, dariya zan yi. Ga shi kamfanoni irin su Kubota da Bobcat suna yin mai nauyin kusan tan 1, ƙafafunta na roba, tana tsuke su zuwa santimita 70 ko kusa da haka. Masu aiki da ita cikin gidaje dokar Gobirawan nan suke bi: a share, a shimfiɗa abu mai taushi, a ɗora faffaɗan katako don nauyin ya rarrabu, kuma kada a juya ta a wuri ɗaya, don murzar nan ce ke fasa tayil. Ƙarin da aka samu hayaƙin gasoyil ne, dole a buɗe ƙofa da taga.

Abin da ke ba ni tsoro da ƙaramar katafilar nan a tsofaffin unguwanni irin Bagalam da Mokoyo na ƙarƙashin ƙasa ne. Ƙasarmu rairayi ce mai saurin zaftarewa, kuma tsohon gida ba ya rasa shaddar da aka binne aka daɓe kanta aka manta. Ba takardar da ta nuna wurin. Gobirawan nan kafin su sa diga sai da suka durƙusa gaban Inna ta nuna musu da sanda inda tsofaffin ramuka suke, suka karkatar da layin katakonsu. Mutum da kwando zai taka irin wannan wuri ya wuce lafiya, amma ban yarda marufin itace da ƙasa zai ɗauki tan guda ba.