Rumfunan Masu Sana'a, Daga Sokode Zuwa Dapaong

Matafiyin da ya biyo babbar hanyar da ta taso daga Lome ta nufi iyakar Burkina Faso, kafin ya ga wani ginin hukuma a Sokode, rumfuna zai fara gani: ta tela, ta baduku, ta maƙeri, ta mai gyaran babur. Kwano ne da katako, wasu ma zana kawai. Ba don su daɗe aka kafa su ba, amma daga cikinsu gidaje da yawa ke samun tuwon dare.

Garin ya saba da haka. Sokode ta bunƙasa ne a kan hanyar fataken goro masu kai-komo tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, kuma baƙin 'yan kasuwa ne suka raya unguwar Didawure a cikin Kotokoli. Zango kansa, ai masaukin 'yan kwanaki ne. Ga shi yau zanguna sun zama unguwanni.

Sai dai duk ranar da aka tashi gyaran gari, a faɗaɗa titi ko a haƙa magudana, rumfa ce farkon tafiya. Wani lokaci kuma wuta ce ke tayar da mutane. A Janairun 2013 kasuwar Kara, wadda ke tsakanin Sokode da Dapaong, ta ƙone, ta Lome ta bi bayanta cikin watan. Aka mai da 'yan kasuwa matsugunan wucin gadi, shekaru suka shuɗe kafin sabon gini ya samu. Abin da masu tsara gari kan manta shi ne, jarin tela ba keke kaɗai ba ne, har da sanin da jama'a suka yi wa ƙofarsa. A kai shi bayan gari, ko da cikin shagon siminti ne, an raba shi da masu kawo ɗinki.

A Dapaong buƙatar ta fi tsanani. Tun da hare-hare suka soma taɓa arewacin Togo a 2021, mutanen ƙauyukan iyaka da na Burkina suka yi ta kwararowa gari, cikinsu akwai masu sana'a a hannu, ba su da inda za su zauna su yi ta. Alhali ga kangaye da shaguna a kulle, masu su na Lome ko ƙetare. Mai irin wannan wuri na iya ba da aronsa shekara ɗaya ko biyu, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a sa ranar tashi tun farko, don kada aron ya koma rigima tsakanin magada.